Yadda ake auna taurin naman wuya da sikanin, ga masu ciwon wuya da kafaɗa da kuma masu riƙe injin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan ƙaramar sallah wani tela daga kasuwar Wunti ya shigo ɗakin da nake aiki, in zai kalli gefe sai ya juyo da ƙirjinsa gaba ɗaya, wuyan ya ƙage, yace min tun goman ƙarshe na azumi yake sunkuye kan keke yana fitar da kayan mutane, wani lokacin har sahur bai miƙe ba. Ya shafa man zafi, ya je wajen wanzami an yi masa ƙaho, ya sha ƙwayoyin kemis har cikinsa ya fara zafi, duk da haka abin na nan. Sai ya kamo hannuna ya ɗora tsakanin wuyansa da kafaɗa yace "Malam taɓa nan kaji, kamar icce, wai babu injin da zai nuna muku taurin nan ne?" Nace masa akwai Alhaji, amma injin sai an bi shi a hankali, in ba haka ba abin da hannun mai riƙe shi ya yi zai nuna, ba abin da ke wuyanka ba. Toh akan wannan nake son in yi bayani, don ƙannenmu masu koyon sikanin da masu aikin gashi wato fisiyo, da kuma shi kansa mai ciwon ya san abin da ake masa.

Mu a Hausa komai jijiya muke ce masa, jijiyar jini jijiya, ta laka jijiya, in nama ya ɗaure ma sai kaji ance jijiya ta riƙe. Abin da ake aunawa a nan tsoka ce, naman da ke motsa kai da kafaɗa. Babbar cikinsu wadda ta fi damun mutane ita ce tirafiziyos, ta taso daga ƙeya ta bi dokin wuya ta shimfiɗu zuwa kan kafaɗa ta gangara tsakiyar baya, ɓangarenta na sama shine wanda mai aski ke matsa maka in ya gama. A ƙarƙashinta akwai libeta, wadda ta kama ƙasusuwan wuya huɗu na sama ta sauko ta riƙe kusurwar allon kafaɗa, ita ce mai sa ka kasa waiwaye in ka tashi barci da safe. Ta gaba kuma akwai wata doguwa da ta taso daga bayan kunne ta sauko ƙashin ƙirji, in mutum ya juya kai zaka ganta ta fito kamar igiya. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, kan babban mutum kuma yana kaiwa wajen kilo 5, kaga duk lokacin da ka sunkuyar da shi kan keken ɗinki ko waya ko tandar masa, waɗannan tsokoki ne ke riƙe da shi kada ya faɗi.

Kafin a je ko'ina dan Allah a riƙe wannan. Ba kowane riƙewar wuya ake kaiwa ɗakin sikanin ba. Mu nan Bauchi da Gombe muna cikin yankin sanƙarau, musamman in zafi ya shigo daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu da Mayu, sunan cutar ma daga sanƙarewa ya fito. Wanda wuyansa ya sanƙare ga zazzaɓi mai zafi ga ciwon kai ga amai, ko yana gudun haske ko ya fara sambatu, wannan gaggawa ce, a ɗauke shi a tafi asibiti a lokacin ba sai gobe ba. Haka wanda ya yi hatsarin mota ko ya faɗo daga sama wuyan ya riƙe, kada a juya shi kada a kai shi wajen mai ɗori. Haka wanda hannunsa ke mutuwa ko abu na suɓuce masa ko ƙafa na harɗewa ko fitsari na ƙwace masa, da wanda ciwon ya taso daga ƙirji ya hau kafaɗar hagu da muƙamuƙi yana gumi, da mai rama da gumin dare da tari da ya daɗe. Duk waɗannan likita ne farko, auna taurin tsoka ba nasu bane.

Sai maganar inji. Sikanin ɗin da muka sani, irin wanda ake wa masu ciki, hoto yake bayarwa baƙi da fari, zai nuna maka kaurin tsoka da siffarta amma bazai gaya maka tauri gare ta ko laushi ba. Wanda ke auna tauri ana ce masa ilastogirafi. Wani masani Jonathan Ophir da abokan aikinsa a Texas ta Amurka ne suka fito da shi a 1991, na farkon kai zaka riƙa ɗan dannawa kana saki inji yana duba yadda naman ke lotsawa. Daga baya aka samu wanda ya fi shi, wanda injin da kansa ke tura naman, masana a Faris suka bayyana tsarinsu mai saurin gaske a 2004 wanda aka gina injin Aixplorer a kansa, yanzu kuma manyan kamfanoni irinsu GE da Siemens da Philips da Canon da Mindray duk suna da nasu. Wanda ya taɓa raka mai ciwon hanta aka yi masa FibroScan, ɗan'uwan wannan ne, can taurin hanta ake nema nan taurin tsoka. Ba kowane shagon sikanin ke da shi ba, yawancin na bakin titi furob ɗinsu, wato kan injin da ake ɗorawa a jikin mutum, mai lanƙwasa ne na ciki, shi kuwa wuya yana son furob mai miƙaƙƙen baki, mai aiki a wajen megahaz 5 zuwa 15, wato ma'aunin yawan kaɗawar sautinsa, sannan dole ace an saka wa injin manhajar. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka tambaya a sashen hotuna na babban asibiti, ko na koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko na koyarwa na tarayya a Gombe ko na Azare, kace ana ilastogirafi na tsoka? In babu a wajen da ka je zasu faɗa maka, kada ka yarda a yi maka na baƙi da fari ace an auna tauri.

Yadda yake aiki kuwa, ɗauki igiyar shanya a tsakar gida. In an ɗaure ta tamau ka kaɗa ta da yatsa, girgizar nan take zata kai ɗaya bangon, in kuma ta yi sako-sako zaka ga girgizar na tafiya a hankali tana lilo. Injin yana harba sauti mai ƙarfi wanda kunne baya ji, ya tattara shi waje ɗaya cikin naman ya ɗan tura shi, turawar da mutum ba ya ko jinta, sai wata girgiza ta tashi daga nan ta bazu gefe da gefe, injin ya bi ta da hotuna masu sauri ya lissafa gudunta. Sautin sikanin na yau da kullum yana ratsa nama da gudun wajen mita 1540 a daƙiƙa, ita kuwa wannan girgizar ta gefe tafiyar hawainiya take, tsakanin mita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, shi yasa ake iya kamo ta. Nama mai tauri girgiza ta yi sauri, mai laushi ta yi jinkiri. Babu hasken eksire a ciki, babu allura, babu zafi.

In kai ne mai ciwon ga naka. Ranar da za'a yi kada a yi maka tausa, kada a yi ƙaho, kada ka gasa wajen da ruwan zafi, kada ka je ka yi dako ko ka ɗauko buhu ka taho kai tsaye, don duk waɗannan suna canza naman na wani lokaci. Ka faɗi maganin da kake sha, musamman in akwai mai saki jiki. Ka saka riga mai faɗin wuya ko singileti a ciki, Hajiya kuma ta zo da zani ko mayafi da zata rufe ƙirji a buɗe bayan wuya da kafaɗa kawai, kuma tana da damar cewa mace take so ta yi mata ko a bar 'yar rakiyarta a ɗakin, wannan ba roƙo bane haƙƙinta ne, macen da take a takure ma kafaɗarta a ɗage take, awon bazai yi kyau ba. Sarƙa da ɗankunne mai tsawo a cire.

Yanzu kai mai riƙe furob. Kada ka fara da mutum yana shigowa. Wanda ya sauko daga keke napep ya sha gargada tun daga Yelwa ko Gwallameji, ya hau bene, ya sha layi, naman wuyansa bai dawo daidai ba, bashi minti 5 zuwa 10 ya zauna ya huce, kai kuma ka yi amfani da lokacin ka tambaye shi sana'arsa da gefen da ya fi ciwo da hannun da yake aiki da shi. Zaunar da shi kan kujera mara hannu, ƙafa biyu a ƙasa, tafin hannu kan cinya, ido yana kallon gaba. Ni akwai ɗan tabo da na yi da maka a bango daidai tsayin ido, nakan ce "Baba kalli tabon can kada ka bar shi," don in baka ba mutum abin kallo ba sai ya karkato yana leƙen allon injin, da zarar ya karkata kai tsokar ɗaya gefen ta miƙe, tsokar da aka miƙar kuwa tauri take ƙarawa kamar dai igiyar nan. Wasu suna kwantar da mutum rub da ciki fuska cikin ramin gado, shi ma daidai ne, amma wanda ka zaɓa shi zaka riƙa yi kullum, awon zaune daban na kwance daban. Lokacin hunturu a kashe fanka a ɗan ɗumama jel ɗin, wato ruwan nan mai kauri da ake zubawa a fata kafin a ɗora furob, a tafin hannu, jel mai sanyi in ya sauka a dokin wuya mutum maƙe kafaɗa yake yi ba tare da ya sani ba.

Sai alama. Kace ya sunkuyar da kai, ka laluba ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, shine na bakwai wanda muke rubutawa C7, ka ɗiga masa maka, ya ɗago. Ka laluba ƙarshen ƙashin kafaɗa ta waje inda ya yi kwana, ka ɗiga. Ɗauko tef irin na tela ka auna tsakaninsu ka raba biyu, tsakiyar nan ita ce inda aka fi auna tirafiziyos ta sama. Ka rubuta santimita nawa ka samu. Mutane suna raina wannan matakin suna cewa ai ido ya isa, bai isa ba, tsoka ɗaya ce amma kusa da wuya da kusa da kafaɗa ba taurinsu ɗaya ba, in yau ka auna nan wata mai zuwa ka matsa yatsa biyu, bambancin da zaka gani na waje ne ba na magani ba.

Fara da hoton baƙi da fari tukuna kafin ka kunna launi. Zaka ga fata a sama, sai kitse, sai wani farin layi siriri wanda shine tantanin da ya lulluɓe tsokar, sai ita tsokar baƙa-baƙa da zane-zanen fari a ciki, sai wani farin layin a ƙasa. Anan ne maganar mahauta ke shigowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai kilishi ya ga yana fere nama ya san nama yana da zare, akwai bi da zare akwai yanke shi a kwance. In ka ɗora furob a kwance kan zaren zaka ga ɗige-ɗige kamar an watsa gero, in ka juya shi a hankali har ya bi zaren zaka ga ɗigon sun koma dogayen layuka daga wannan gefen allo zuwa wancan. Waɗannan dogayen layukan kake nema. Girgizar ta fi gudu in tana bin zare akan in tana tsallaka shi, kuma awon da aka yi bin zare shi ya fi maimaituwa, saboda haka in furob ɗinka ya ɗan karkace lambar zata sauka kace naman ya yi laushi alhali ba abin da ya canza. Juya shi kaɗan-kaɗan kamar mai neman tashar rediyo, inda layukan suka fi tsawo da haske nan zaka tsaya.

Wajen da na fi son a tsaya a kai shine dannawa. Hannunmu ya saba da sikanin ciki, inda kake dannawa don ka kori iska ka ga abin da ke ƙasa, toh wannan sabon shine babban abokin gaba anan. Nama in ka danne shi tauri yake yi, gwada da cinyarka ka gani, ɗan nauyin furob da na hannunka kawai ya isa ya ɗaga lambar sosai. Zafin nema baya kawo samu. Abin da ake yi shine a zuba jel da yawa, ba shafawa ba, tudu za'a yi masa kamar an ɗora cokalin man shanu, sai a sauke furob a hankali ya zauna kan jel ɗin ba kan fata ba, har ka riƙa ganin siririn baƙin layi na jel a saman allo tsakanin furob da fata. In layin nan ya ɓace ka danna. Ka kafa ɗan yatsanka ƙarami da gefen tafinka a jikin mutumin nesa kaɗan da wajen awo don hannun ya samu majingina, wayar furob ɗin kuma ka rataya ta a wuyanka ko a hannu kada nauyinta ya riƙa ja. Farkon koyona na taɓa auna wata baiwar Allah mai kitso, gefen dama ya fito da tauri sosai fiye da hagu, har na fara mata bayani, sai wanda ke koya min ya zo ya tsaya a bayana yace in sake, ya nuna min allon, babu layin jel ko kaɗan a na daman, ashe tsayuwata ce ta sa nake jingina a wannan gefen. Da na gyara sai gefe biyun suka zo kusa da juna. Abin ya tsaya min a rai don saura kaɗan in sallami mata da takardar da zata sa ta yi ta kashe kuɗi akan abin da babu.

In hoto ya zauna sai ka kunna ilastogirafi, akwati zai fito a allo, ka ja shi ya zauna cikin tsokar. Kace "Yaya saki kafaɗar, saki kamar ba taka ba," ka jira ka ga ta sauka da gaske, mutane da yawa zasu ce sun saki alhali tana sama, wani lokacin sai nace ya ɗaga ta har kunne sannan ya yar da ita. Yayi numfashi a hankali ya fitar ya ɗan tsaya, ba ya cika ƙirji ya riƙe ba, don cika ƙirji yana sa tsokokin wuya aiki. Banda magana banda haɗiyar yawu. Kai kuma ka daskare kamar an dasa ka na 'yan daƙiƙu har launin cikin akwatin ya cika ya daina rawa, sannan a tsayar da hoton. In akwai abokin aiki shi ya danna maɓallin, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, miƙa hannun da zaka yi zuwa injin yana motsa ɗayan. Sai ka ɗora ɗan da'irar awo a tsakiyar naman, kada ta taɓa farin tantanin sama ko na ƙasa, kada ta hau inda launi ya yi rami ko ya yi dabbare-dabbare, kada ta kusanci ƙashi don girgiza tana dukan ƙashi ta dawo ta rikita lissafi. Yawancin injina suna da wata taswira ta biyu mai nuna inda awon ya inganta, ka duba ta. Ka ɗaga furob gaba ɗaya ka sake ɗorawa ka sake, aƙalla sau 3, a hanta har 10 ake yi, in ɗaya ya yi nesa da sauran kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi, ƙara wasu ka ɗauki na tsakiya. Sannan ka koma ɗaya gefen ka yi daidai irin abin da ka yi, ko da ba ya ciwo.

Launi kuma kada ya ruɗi kowa. A injina da yawa ja shine tauri shuɗi laushi, a wasu kuma musamman na dannawa akasin haka ne, shuɗi ne tauri. Duba sandar launin da ke gefen allo kafin ka buɗe baki. Mai ciwo in ya hango ja hankalinsa tashi yake, yana ganin jini ne ko ƙari, ka gaya masa fenti ne kawai injin ya shafa.

Sauran tsokokin haka ake binsu. Libeta ana samunta sama kaɗan da kusurwar allon kafaɗa ƙarƙashin tirafiziyos, zarenta a karkace yake sai ka juya furob. Ta gaban wuya ka tuna babbar jijiyar jinin da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana ƙarƙashinta, bugunta yana girgiza hoton, kuma ba wajen dannawa bane ko kaɗan musamman ga tsofaffi. Na can ciki kusa da ƙashi awonsu ya fi wuyar maimaituwa, duk yadda aka yi zurfi ƙarfin turawar raguwa yake.

Lamba iri biyu inji ke bayarwa, ko mita a daƙiƙa wato gudun girgizar, ko kilofaskal wato ma'aunin taurin naman, kuma anan ake yawan samun ruɗani tsakanin takardu. Lissafin ba wuya, ka ninka gudun da kansa. A ce gudu 2 ne, 2 sau 2 ya ba da 4, wannan kilofaskal 4 ne a ma'auni ɗaya, amma yawancin injina suna sake ninkawa da 3 su nuna maka 12. In gudu 3 ne, 9 kenan ko 27. Kaga daga 2 zuwa 3 ƙari kaɗan ne a ido amma a kilofaskal ya haura ninki biyu, kuma mutum ɗaya a rana ɗaya wani zai rubuta masa 9 wani 27 duk ba wanda ya yi ƙarya. Wancan ninkawa da 3 ɗin an gina shi ne akan nama mai tauri iri ɗaya ta kowace fuska kamar hanta, tsoka kuwa mun riga mun ce tana da zare, shi yasa ni a ra'ayina a rubuta gudun kawai, mita a daƙiƙa, shine abin da injin ya auna da gaske. Kuma kada a kwatanta lambar injin wani kamfani da ta wani.

Toh an samu lamba, me take nufi? Anan nake roƙon 'yan'uwana mu ji tsoron Allah wajen bayani. Babu wata lamba da masana suka haɗu akai suka ce daga nan zuwa sama wuya ya lalace, ba kamar hawan jini ko suga bane. Binciken da aka yi ma bai tafi baki ɗaya ba, wasu sun samu masu ciwon wuya tsokarsu ta fi tauri, wasu basu samu bambanci ba, akwai wanda aka buga a 2020 akan mata masu daɗaɗɗen ciwon wuya, suna jin wuyan a ɗaure amma da aka auna taurin ya zo daidai da na matan da basu da ciwo. Wannan ba yana nufin ƙarya suke ba. Jin ɗaurewa abu ne da jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa ke haɗawa, rashin barci da damuwa da tsoron motsa wajen duk suna ƙara shi, injin kuwa nama kawai ya sani. Saboda haka wanda awonsa ya fito daidai kada ace masa lafiyarka ƙalau tashi ka tafi, ciwonsa na nan kuma yana buƙatar kulawa, wanda nasa ya fito da tauri kuma kada a tsorata shi. Akwai kuma ƙulullutun nan da ake ji cikin tsoka kamar ƙwallon goruba ƙarami, in an danna zafin ya harba ƙeya ko bayan ido, wanda likitar nan Janet Travell da ta duba shugaban Amurka Kennedy ta yi suna wajen bayaninsu, wani lokacin sukan fito a allo a matsayin ɗan waje mai duhu da ya fi kewayensa tauri, in ka gani ka auna shi daban ka auna gefensa daban. Abin da sikanin baya gani shine cikin ƙashi, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa da lakar da ke ciki, wannan aikin wani babban injin hoto ne daban da ake kira MRI.

In injin da ke hannunka irin na dannawa ne mara kilofaskal, zaka iya amfani da shi amma ka san iyakarsa, kwatanci kawai yake yi, wannan wajen ya fi wancan tauri sau kaza, kuma ya dogara da hannunka fiye da wancan. Dannawar a hankali take kamar mai taɓa tumatir a kasuwar Muda Lawal, kana kallon ma'aunin da ke gefen allo yana nuna ko bugun ya yi daidai.

Inda awon nan ya fi amfani a wajena shine mutum da kansa, dama da hagu, da kuma yau da bayan sati 4 ko 6 na motsa jiki da gashi. Don haka takardar da zaka rubuta ta ƙunshi sunan inji da furob, zaune ko kwance, inda hannu yake, santimita nawa daga C7, bin zare aka yi, sau nawa, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, har da lokaci, don tela da safe daban yake da tela bayan la'asar. A gefe kuma ka tambaye shi zafin daga 0 zuwa 10 nawa ne, ka duba iya inda yake juya kai, ka rubuta su tare da lambar.

Shi Alhajin na Wunti gefen damansa ya ɗan fi na hagu, ba da yawa ba, na nuna masa a allo na kuma gaya masa gaskiya cewa wannan kaɗai bai isa ya bayyana duk zafin da yake ji ba. Na haɗa shi da 'yan fisiyo, suka koya masa jan haɓa baya da matse allunan kafaɗa da miƙar da gefen wuya, aka ce duk rabin awa ya tashi daga kan keke ko da zagaya shago ne, ya ɗaga teburin ya ƙara fitila don ya daina kai ido kusa da allura, filo biyun da yake tarawa ya koma ɗaya, ƙwayoyin kemis kuma likita ya tsayar da su saboda cikinsa. Da ya dawo bayan sati 6 na fito da tsohuwar takardar, na zaunar da shi kan kujerar nan, tafi kan cinya, ido kan tabon bango, na ɗauko tef na auna daga C7. Kafin in zuba jel wani ya yi sallama a ƙofa, sai Alhaji ya waiwaya da wuyansa kaɗai ya amsa, dole na sake cewa ya mai da ido kan tabon mu fara.